Filin Tambayoyin Manoma: Mastad, Halin Gado da Halin Gona

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan tsiron da ba a saba gani a gonakinmu ba, wato mastad. Mun zaɓi shida, mun taƙaita gaisuwar da ke cikinsu saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wata ƙwaya a shagon masu maganin Musulunci ana ce mata hardal. Jikana ya ce a makaranta sunanta mastad, wai kuma iri-iri gare ta har ɗaruruwa. Abu ɗaya ne? Daga wani dattijo, Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Abu ɗaya ne. Ita ce hardal ɗin da aka buga misali da ƙanƙantarta a Suratul Anbiya'i aya ta 47 da Suratu Luƙman aya ta 16, masu karanta Linjila kuma sun san ta da mastad. 'Yar'uwar kabeji ce. Akwai baƙa, akwai fara, akwai ta Habasha wadda ake cin ganyenta a matse ƙwayarta, sai ta Indiya wadda masana ke kira Brassica juncea, ita ce ta fi yawa a noman mai, kuma a kanta za mu fi tsayawa. Ƙwaya dubu ɗaya tata ba ta wuce giram 3 zuwa 6, kusan nauyin riɗi, sai dai ita a mulmule take.

Jikanka ya yi gaskiya. Ita wannan ta Indiya tun asali ruwa biyu ce: baƙar mastad mai sandunan gado 16 (ƙananan zarurrukan da ke ɗauke da halin gado a jikin tsiro) ta haɗu da wata 'yar'uwarta mai 20, aka samu mai 36. Wani masani ɗan asalin Koriya da ya yi aiki a Japan, Nagaharu U, shi ya warware wannan dangantaka a 1935. A Indiya ana shuka ta a watan Oktoba a girbe a Fabrairu ko Maris, jihar Rajastan ce kan gaba, kuma a garin Bharatpur na jihar aka kafa cibiyar binciken mastad ta ƙasar a 1993. Abin da jikan naka ya ji ɗaruruwa, yawancinsa bai kai hannun manomi ba. Iri ne da ake kan tacewa a gonakin bincike, kowanne da lambarsa, ba a raɗa masa suna ba tukuna. A wannan fili za mu riƙa ce wa kowanne tsatso.

Tambaya: Malamai, ina aji na ƙarshe a fannin noma. An ba ni tsatso 30 na mastad ta Indiya in gwada bambancinsu a matsayin aikin kammala karatu. Me zan auna, kuma yaya zan tsara gonar? Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

Amsa: Ɗanmu, fara da gonar kafin awo, domin yawancin irin wannan aiki a ranar shuka yake lalacewa, ba a ranar lissafi ba.

Kasa filin gida uku, kowane gida ya ɗauki dukkan tsatso 30 ɗin, tare da iri biyu ko uku sanannu waɗanda za ka riƙa auna sauran da su. A Indiya an daɗe ana sa Varuna da Kranti da Pusa Bold a wannan matsayi. Cikin kowane gida ka yi ƙuri'a sabuwa don sanin wanda zai zauna a wane komi. Kada ka jera su 1 zuwa 30 sau uku, don idan lamba 1 kullum tana bakin hanyar ruwa, ruwa ka auna. Idan filin yana da gangare, kowane gida ya kwanta a gicciye, ta yadda komayen gida ɗaya za su yi tarayya a tudu ɗaya ko kwari ɗaya.

Kowane komi ya zama layi 5, tsawon mita 5, tsakanin layi da layi santimita 45, tsakanin tsiro da tsiro 15. Kada zurfin shuka ya wuce santimita 3 zuwa 4. Ƙwayar ƙarama ce, in ta nutse ba ta da guzurin fitowa. Shuka da ɗan yawa, bayan kwana 15 zuwa 20 ka rage. A nan ɗalibai ke sakaci. Mastad tana da halin cike gurbi: in ta samu sarari sai ta baza rassa, in ta matsu sai ta miƙe siririya. Komin da ya fito da giɓi zai ba ka tsirrai masu rassa da kwanso jingim, ka rubuta cewa tsatson na kirki ne, alhali makwabtansa ne suka mutu suka bar masa abinci. Ƙirga tsirran kowane komi bayan ragi, ka sake ƙirgawa ranar girbi.

Awon kansa kashi biyu ne. Akwai na komi gaba ɗaya: ranar da rabin tsirrai suka buɗe fure, ranar nuna (lokacin da kashi 75 cikin 100 na kwanso ya yi rawaya), kwanciyar kara, da nauyin ƙwaya. Ranar fure ba a ƙiyasta ta. Daga an ga furen farko a filin, kullum da safe sai ka zaga da littafinka. Wanda ke zuwa sau biyu a mako zai tarar da tsatso goma sun yi fure "rana ɗaya", kuma ba haka ba ne.

Akwai kuma na tsiro ɗaiɗai. Zaɓi tsiro 5 daga layukan tsakiya, ka ɗaura musu ƙyalle tun kafin su yi fure, tun idonka bai fara son wani ba. A kansu za ka auna tsawo daga ƙasa zuwa ƙoli, yawan manyan rassa da ƙananan da suka fito daga jikinsu, tsawon uwar kara daga reshen ƙarshe na sama zuwa ƙoli, yawan kwanson da ke kanta, da na tsiron duka. Reshen da bai ɗauki kwanso ba kada ka ƙirga shi. Don tsawon kwanso da yawan ƙwayar cikinsa, ciro guda 10 daga tsakiyar uwar kara. Na ƙoli a makare suka zo, sau da yawa zafi ya riske su, ƙwaya biyar ko shida za ka samu. Na tsakiya a irin Indiya yakan ba da 10 zuwa 16.

Ranar girbi ka bar layi ɗaya ta kowane gefe, da rabin mita ta kowane kai. Abin da ya rage layi 3 ne masu tsawon mita 4, wato murabba'in mita 5.4. Idan suka ba ka giram 1,080, hekta ta ba da kilo 2,000 ke nan. Yi yankan da sassafe da sauran raɓa, don kwanson da ya sha rana yana fashewa a hannu. Kowane dami ya samu takarda biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Sannan kada ka ɗora ƙwaya a sikeli sai ta bushe daidai, danshinta ya sauko wajen kashi 8. Tsatson da ya nuna a makare, in aka auna shi tare da na wuri, ruwan jikinsa zai sa ya zo na ɗaya.

Wani ɗan gwaji da zai tsare ka daga kuskuren rubutu: tsiro mai kwanso 250, kowanne da ƙwaya 13, dubu kuma tana da giram 4.5, ya kamata ya ba da wajen giram 14 da rabi. In sikelinka ya ce 40, koma ka duba.

Tambaya: Na gama tattara alƙaluma, kwamfuta ta fitar mini da GCV da PCV da kason gado da sauransu. Na kwafe su cikin rahotona, amma gaskiya ban san abin da suke faɗa ba. Daga wata ɗaliba mai digiri na biyu, Yamai.

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da faɗin gaskiya, da yawa sun kare kundinsu ba su sani ba. Duk waɗannan haruffa tambaya guda suke amsawa: cikin bambancin da ido ya gani tsakanin tsatso da tsatso, nawa ne zai bi iri zuwa baɗi, nawa ne zai tsaya a gonar bana?

Bari mu ƙago misali mai sauƙin lissafi. A ce tsatso 30 ne, an maimaita sau 3, ana auna nauyin ƙwayar tsiro guda, matsakaicinsa giram 15. A teburin da kwamfuta ta ba ki akwai lambobi biyu da za ki nema a ginshiƙin matsakaicin murabba'i: na layin tsatso, a ce 21, da na layin kuskure, a ce 6. Shi wannan 6 shi ne surutun gona, wato yadda tsatso ɗaya tak ke saɓa wa kansa daga komi zuwa komi. Cire 6 daga 21, ki raba saura da 3, wato yawan maimaitawar, kin samu 5. Wannan ne bambancin gado. Haɗa 5 da 6, kin samu 11, bambancin da ake gani a fili.

Tushen murabba'in 5 shi ne 2.24, raba da 15, ya ba ki kashi 14.9 cikin 100. GCV ke nan, wato ma'aunin bambancin gado. Tushen 11 shi ne 3.32, raba da 15, kashi 22.1. PCV ke nan, wato ma'aunin bambancin da ake gani a fili. Ana raba su da matsakaici ne don a iya gwama abin da aka auna da giram da wanda aka auna da kwana. Al'adar masu wannan aiki ita ce ƙasa da 10 kaɗan ne, 10 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 da yawa. Amma tazarar da ke tsakanin su biyun ta fi kowannensu magana. Kason gado kuwa 5 bisa 11 ne, kashi 45. Fiye da rabin abin da kika gani a komi guda, gona ce ta yi shi.

Yanzu ɗauki ranar fure, matsakaici kwana 50, lambar tsatso 49, ta kuskure 1. Gado ya zama 16, na fili 17, GCV kashi 8, PCV kashi 8.2, kason gado kashi 94. Nan barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: wanda ya yi fure da wuri bana zai yi da wuri baɗi. Haka abin ya saba fitowa a mastad. Ranar fure, ranar nuna, tsawo da nauyin ƙwaya dubu suna bin gado sosai. Yawan ƙananan rassa, yawan kwanso da nauyin girbi suna bin taki da ruwa da tazara. Yawan mai kuma yana da gado mai ƙarfi amma filinsa ƙunci ne, yawanci tsakanin kashi 37 da 42, shi ya sa za ki ga GCV ɗinsa ɗan mitsitsi.

Sai ribar zaɓe, wadda ita ce ke gaya miki ko wahalar za ta biya. Ana ninka 2.06, lambar da ke nuna tsananin zaɓe, da kason gado da tushen bambancin fili: 2.06 sau 0.45 sau 3.32, wajen giram 3.1, kashi 21 na matsakaici. Amma 2.06 na wanda zai ɗauki kashi 5 cikin 100 ne kawai. Kashi 5 na tsatso 30 ɗaya da rabi ne, ba wanda ke yin haka. Idan shida za ki ɗauka, kashi 20 ke nan, lambar ta koma 1.40, ribar ta sauko giram 2.1. Rubuta wanda ya dace da abin da za ki yi da gaske.

Abu biyu za mu ƙara, kuma na biyun ya fi muhimmanci. Na farko, tunda da matsakaicin komi uku za ki yi zaɓe, ba da komi ɗaya ba, surutun gona ya ragu zuwa 6 bisa 3, wato 2, kason gado ya hau 5 bisa 7, kashi 71. Dukansu daidai ne, amma ki faɗi wanne kika kawo. Na biyu, gwajin wuri ɗaya a shekara ɗaya yana kumbura kason gado. Tsatson da ya dace da ƙasar wurin da sanyin shekarar, lissafi zai ɗauki dacewar tasa a matsayin gado, don ba shi da yadda zai raba su. Sai an kai su wurare uku ko huɗu, shekara biyu, kafin a ga waɗanda ke riƙe matsayinsu da waɗanda ke tashi da faɗuwa. Wannan ne dalilin da a Indiya sabon tsatso ke shafe shekara uku a gwajin ƙasa, a tashoshi masu yawa, kafin a sake shi. Duk inda kika ga an rubuta kason gado kashi 95 na nauyin girbi daga fili guda, ki karanta da taka-tsantsan.

Tambaya: Mu a gero da dawa, zangarniyar da ta fi kyau muke warewa mu ajiye iri. Me zai hana a shiga gonar mastad a tsinci tsirran da suka fi girma a huta da wannan dogon lissafi? Daga wani manomi, Kura.

Amsa: Alhaji, hanyar taku ba ta banza ba ce, da ita aka samu yawancin irin da duniya ta gada, har da na mastad. Matsalar ita ce tsiron da ya fi girma a gona yawanci shi ne na bakin kunya, ko wanda ya dace da inda taki ya zube. Ka ajiye irinsa, baɗi ka ga albasa ba ta yi halin ruwa ba. A tazarar 45 da 15, hekta tana ɗaukar tsiro kusan 148,000. Na bakin gona mai giram 30 zai sa ka yi mafarkin tan huɗu da wani abu, alhali matsakaicin girbin Indiya bai cika wuce tan ɗaya da rabi a hekta ba. Maganin abin shi ne a ɗauki tsiro 100 ko 200 daga tsakiyar gona, a sussuke kowanne daban, baɗi a shuka irin kowanne a layinsa. Layin ne zai ba da shaida a kan uwarsa.

Kuma girma kansa yana da kuɗin da ake biya. Tsiro mai mita biyu da ɗoriya, in aka ba shi ruwa iska ta taso, kwanciya yake yi, kwanson da ya taɓa ƙasa kuma ya tafi. Mai yawan kwanso sau da yawa ƙwayarsa ƙanana ce. Mai manyan ƙwaya sau da yawa kaɗan ce a kwanso, don abinci ɗaya ake rabawa. Mai daɗewa, kwana 140 zuwa 150, ya fi tara kaya, amma yana cika ƙwaya daidai lokacin da darɓa ta yi yawa zafi kuma ya kunno kai. Mai kwana 110 ya tsere musu, amma rumbunsa bai kai na wancan ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai misali a cikin mastad ɗin kanta. Gida biyu gare ta. Na Indiya gajere ne, mai saurin nuna, ƙwaya manya masu ruwan ƙasa, amma farar tsatsa, wata cuta da ke fesa farin ƙuraje a bayan ganye ta murɗe kan fure, tana cin sa. Na gabashin Turai, irin su Donskaja, dogo ne, mai nawa, ƙwaya ƙanana, da yawansu rawaya, kuma yana jure farar tsatsa. Babu wanda za ka tsinta a gona ɗauke da alherin gidajen biyu. Sai an haɗa su. Da yamma ake zaɓar tohon furen da zai buɗe gobe, a buɗe shi da ɗan hantsaki, a cire sassan namiji shida na furen ba tare da an ƙwarzani macen ba, a rufe da jakar takarda, da safe a shafa mata garin furen uban, a mayar da jaka, a rataya lamba. Daga nan sai haƙuri. 'Ya'yan farko kamarsu ɗaya, jikoki su watse kowa da halinsa, kuma kowace shekara rabin gaurayen ne ke raguwa. A zuriya ta shida saura kashi 3 cikin 100, sannan za a ce tsatso ya zauna. Don rage shekaru, masu binciken Indiya kan kai iri tsaunuka masu sanyi, irin su Wellington a kudancin ƙasar, su samu shuka biyu a shekara.

Ƙarin gargaɗi ga mai ajiye iri: mastad ta Indiya ta fi yi wa kanta barbara, amma ƙudan zuma na son furenta, kuma yakan gauraya kashi 10 ko 20, wani lokaci fiye. Irin da aka kwashe daga komayen gwaji, inda tsatso 30 ke kafaɗa da kafaɗa, ba iri ba ne kuma. Wanda za a ajiye sai an lulluɓe tsiron da jakar yadi mai shara-shara tun kafin fure ya buɗe.

Tambaya: Sana'ata matsar man gyaɗa da na riɗi. An ce mini mastad mai launin rawaya ta fi mai. Haka ne? Kuma ana cin man, ana ba dabbobi tunkuzar? Daga wata Hajiya, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. Mai rawaya ɓawonta ya fi siranta, don haka a mudu guda tsokar ta fi yawa, man ya ɗan ɗara, tunkuzar kuma ta fi ƙarancin ƙaiƙayi. Ɗarawar kaɗan ce, ba ninki ba.

Batun ci sai an san irin da ke hannu. Man mastad na gargajiya kashi 40 zuwa 50 nasa wani sinadari ne da ake kira erusik, wanda gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana tara kitse a tsokar zuciya. Saboda shi ne a Amurka ake rubuta wa kwalbar man cewa na shafawa ne kawai. Mutanen arewaci da gabashin Indiya da Bangaladash kuwa da shi suke girki tun kaka da kakanni, kuma yajin da ke hawa hanci shi suke nema. Yajin daga wani sinadarin daban yake, gulukosinolet, wanda yawancinsa ke zama a tunkuza. Shi ke sa dabba ta ƙi ci, in kuma ya yi yawa ya jawo maƙoƙo, musamman a kaji. Shanu sun fi jurewa, su ma a gauraya da wani abincin.

A Kanada aka fara raba ƙwayar wannan dangi da abubuwan biyu. Baldur Stefansson da Keith Downey ne suka ja aikin, iri na farko mai ƙarancin duka biyun, Tower, ya fito a 1974, daga nan aka samu abin da ake kira kanola: erusik ƙasa da kashi 2, gulukosinolet ƙasa da maikuromol 30 (ma'aunin masana sinadarai) a giram na tunkuza. Mastad ta Indiya ta gargajiya tana ninka wannan 30 ɗin sau uku ko huɗu. A cikin ita juncea, a Ostireliya aka gano tsatso marasa erusik a 1981, kuma yau Indiya tana da irinta, kamar Pusa Karishma mai ƙarancin erusik.

Yadda ake zaƙulo su abin sha'awa ne. Erusik halin ɗan tayin da ke cikin ƙwaya ne, ƙwayoyin gado biyu ke riƙe da shi, don haka cikin jikoki 16, ɗaya ne ke fita fes. Sai a jiƙa ƙwaya ta fara tsagewa, a yanke ɗaya daga ganyayyakin tayin biyu da reza, a kai na'ura ta auna mansa, ragowar rabin kuma a dasa shi ya girma idan ya ci jarrabawa. Launin ɓawo kuwa na uwa ne, kamar zanen goyo. Ƙwayar da za ta haifi mai rawaya tana iya zuwa sanye da ruwan ƙasa, sai an shuka ta an jira 'ya'yanta. Shi ma ɗaya cikin 16 ne. Mai neman rawaya marar erusik a tsiro guda, ɗaya cikin 256 yake nema, shi ya sa ake shuka jikoki da dubbai.

In za ki saya don matsa, ki tambayi sunan irin. Launi ba ya nuna yawan erusik. Akwai rawaya mai ɗauke da shi cike.

Tambaya: Ina noman rani, alkama da kabeji. Mastad za ta yi a wurinmu? Daga wani manomi, Kadawa.

Amsa: Malam, tsiron sanyi ce kamar alkamarka, don haka in za ta yi, a hunturu za ta yi, kuma abokin gabarku ɗaya: zafin Maris. In ya riske ta tana cika ƙwaya, ƙwayar ta motse, mai ya ragu, furen ƙarshe ya zube. Zafin ƙasa a lokacin shuka shi ma yana kashe tsiron tun yana jariri. Lokacin da ya dace ke nan: shuka a tsakiyar Nuwamba, iri mai kwana 100 zuwa 115, a gama kafin Maris ya yi nisa. Ka guji irin Turai da Kanada, doguwar rana suke so kafin su yi fure, a wurinmu sai su tsaya tara ganye har sanyi ya wuce.

Kada ka fara da hekta. Nemo iri biyar ko shida ta hannun cibiyar bincike, da takardar hukumar killace tsirrai in daga waje za su shigo, ka yi musu komaye kamar yadda muka tsara wa ɗalibin Samaru, ka yi shuka biyu da tazarar mako biyu. Ƙwayar shagon magani ba ta wannan aiki, ba a san tsatsonta ba, ba a san shekarunta ba. A lissafin hekta, iri kilo 4 zuwa 5 ya isa. Abin da aka saba ba ta a gonar ban-ruwa a Indiya shi ne naitirojin kilo 80, rabi a shuka rabi a ruwan farko, fosfet kilo 40, da farar wuta kilo 20 zuwa 40. Farar wutar nan kada ka raina ta, da ita ake gina mai da yaji. Takin sufa yana ɗauke da ita wajen kashi 12, yuriya ba ta da ko ɗigo. Alamar rashinta sabon ganye ya yi fari-fari ya lanƙwashe kamar cokali. A can ruwa biyu ke da muhimmanci, na kafin fure da na cikar kwanso. A ƙasa mai yashi da iskar hunturu za ka buƙaci fiye da haka, amma kada ruwa ya kwana a komi.

Darɓa ita za ka sa wa ido daga fara fure. A kan ƙolin uwar kara take taruwa, tana tsotse toho ya ƙanƙance. In tsirran bakin gona kaɗai ta kama, karye kawunan ka binne. In feshi ya zama dole, yi shi da yamma bayan ƙudan zuma ya koma.

Tunda kana da kabeji, ka sani tsutsar nan ƙarama koriya mai huda ganyensa ta fi son mastad a kansa. In ka shuka su kusa ba shiri, ka yi mata gida. Manoman kabeji a Indiya sun juya abin ya zama tarko: layi biyu na mastad bayan kowane layi 25 na kabeji, na farko a shuka shi kwana 15 kafin dashen kabeji, na biyu kwana 25 bayan dashe don kada ganye da fure su yanke, sannan a riƙa fesa layukan mastad ɗin kaɗai.